Gyaɗar Iya Mai Ɓeraye

"Iya, ba jikokinki ba ne, ɓerayen gwaji ne."

"Jikokina ne, 'yar nan."

"Farare fa!"

"Ke kika san kakansu?"

Laraba ke nan, mai kula da ɓeraye a ɗakin bincike, da wata tsohuwa da ta tare ta a bayan ginin ana kiran magariba. Ta fito zubar da shara, safar roba a hannunta. Muryar tsohuwar siririya ce, tsiii, kamar ƙofar da ba a shafa wa mai ba.

"Me kuka ɗura musu?"

"Ƙwayar cutar ciki. Wasu su mutu. Wasu su yi ta wasansu wata da watanni, cutar na kwance a cikinsu, suna shafa wa 'yan'uwa. A kansu ake bincike."

"Suna ci?"

"Har ƙiba."

Tsohuwa ta yi murmushi. Haƙora biyu, dogaye. Ta kwance bakin zani, ta miƙo gyaɗa.

"Ungo ladan reno."

A karɓi kyautar babba da roba a hannu? Laraba ta tuɓe safar da tsiraran yatsu, ta rusuna, ta karɓa hannu bibbiyu. Ba ruwa, ba sabulu.

"Ci in gani."

Ta ci. A rusunen nan ta hango ƙafafun. Ƙanana, jajaye, da farata. Bayan zanin, wani abu na jan ƙasa a hankali.

"Ke da ciwo har abada."

Laraba ba ta tsaya ɗaukar takalmi ba.

Haka kuwa aka yi, ko mura. Amma ranar sunan jaririn da aka haifa wa yayanta Shekarau, ita ta dama kunu. Mutum goma sha ɗaya aka kwantar, har da mai jego. Ita kuwa garau, tana ta kai abinci asibiti, har likita ya ce a gwada mai girkin.

A wurin aikinta aka gwada. Abokan aikinta suka karanta takardar: ƙwayar ɓerayen ce kwance a cikinta. Babu wanda ya kalle ta.

Da ta koma gida, Inna ta zare ludayi daga hannunta, ta ware mata kwano da buta. Laraba ta zauna bakin rijiya, kai a ƙasa. Aka ce ta matsa daga nan ma.

Da ƙyar ta yi magana.

"Don Allah kada wanda ya bi bayan ginin nan shi kaɗai da magariba."

Shekarau, da allurar ƙarin ruwa ta bar masa tabo a hannu, ya nisa.

"Ai da kin tafi da mage."