Kisrar Yumma da Mai Tsaron Raga

A unguwar Alshajara ta birnin Khartoum akwai wata yarinya 'yar aji shida. Ita ce mai tsaron raga a ƙungiyar ƙwallon hannu ta makarantarsu. Tana da zafin nama, har ƙawayenta suka laƙaba mata suna Walƙiya. Sunan kuwa ya fasa mata kai ba kaɗan ba.

Aibinta ɗaya ne, ba ta iya jira ba. Da zarar mai jifa ta ɗaga hannu, sai ta daka tsalle.

Ustaza Zulaiha, malamar da ke koya musu wasa, ta sha yi mata magana.

"Ki bari ƙwallo ta bar hannu tukuna, sannan ki motsa."

"To, ya Ustaza," in ji ta. Amma a ranta cewa take yi, wa ya kai ni sauri?

Ana nan sai aka ce za su haye gada zuwa Omdurman su kara da wata makaranta. Babu abin da yarinyar take so kamar ta tsare raga a ranar. Ta riga ta shaida wa kowa a gida, har da maƙwabta.

Ranar gwaji, wata 'yar ajinsu mai suna Rayan ta gano lagonta. Ta ɗaga hannu kamar za ta jefa dama. Yarinyar ta yi tsalle dama. Rayan ta tura ƙwallo hagu a hankali, ta shige raga. Ta sake, ta kuma shige. Sauran yara suka kwashe da dariya.

Ustaza ta hura usur.

"Ya isa. Ƙawarki Aya ce za ta tsare raga a Omdurman. Ke za ki zauna a benci."

Yarinyar ta koma gida tana share hawaye. Ta tarar da mahaifiyarta, wadda take kira Yumma, a tsakar gida tana yin kisra, wato wainar dawa mai faɗi, siririya kamar takarda.

"Me ya faru, 'yata?"

"Yumma, an cire ni. Alhali na fi kowa sauri!"

Mahaifiyar ta dube ta. Ta matsa gefe ta ce, "Zo ki kama mini, bayana ya gaji."

Yarinyar ta zuba ƙullu a kan faffaɗan ƙarfen tuya mai zafi, ta baza shi. Nan take ta kai hannu ta ja. Kisra ta yage. Ta biyu ma haka. A ta uku ta ji tsoro ta daɗe, sai kisrar ta ƙone.

"Yumma, yaya kike sanin lokacin?"

"Ba na cinka, kallo nake yi. Ki zuba ido a bakinta. In ya bushe ya ɗan ɗago, ki ɗauke ta farat ɗaya. Saurinki yana da kyau, amma kin sa hannu ya riga ido."

Yarinyar ta tuna da tsaron raga. Ashe abin da Ustaza take ta faɗa mata ke nan.

Washegari ta je ta ba Ustaza haƙuri. Sannan ta nemi Rayan.

"Don Allah ki riƙa yi mini wannan yaudarar taki lokacin hutun tara, har in daina faɗawa."

Rayan ta yi dariya ta ce, "Yalla, mu je."

Da farko ta sha ƙwallaye har ta gaji da tsintowa. A hankali ƙafafunta suka koyi tsayawa. Ustaza tana kallonsu daga inuwar darbejiya.

Ranar wasa suka haye kogin Nilu a bas. Aya ta tsare raga da kyau, yarinyar tana benci tana tafa mata. Ana dab da tashi, suna gaba da ci ɗaya, sai alƙaliyar wasa ta ba 'yan Omdurman jifan fanareti.

Ustaza ta juyo wurin yarinyar. "Tashi ki shiga. Ido tukuna."

Ta tashi ta shiga raga. Mai jifa ta ɗaga hannu ta nufi dama. Jikin yarinyar ya so ya bi, ta danne. Hannun ya dawo, ƙwallo ta fita hagu. Sai a lokacin ta yi tsalle, ta doke ta waje!

Aka hura usur. Ƙawayenta suka rufe ta da ihun murna.

Ta rungume Rayan. "Na gode da kika kunyata ni ran nan." Ta je gaban malamarta ta rusuna. "Na gode, ya Ustaza, da ba ki fid da rai da ni ba."

A gida ta faɗa jikin mahaifiyarta tana ba ta labari, godiya ta cika mata zuciya.

"Alhamdu lillahi," in ji Yumma. "To, tun da kin iya, kisrar yau taki ce."

Ta zauna ta yi, ko ɗaya ba ta yage ba.

Daga ranar ta gane cewa sauri shi kaɗai ba ya isa. Mutum ya duba da kyau, ya yanke shawara, sannan ya yi sauri. Kuma wanda ya nuna maka kuskurenka, godiya ya cancanta.