Notin Jar Mota

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, lokacin da Bakanike ya fito daga ƙarƙashin motarsa yana goge hannu da tsumma. Jar mota ce mai kujera biyu, ta girmi duk 'ya'yansa, irin wadda a zamaninta in ta wuce sai an juyo. Tun da ya ajiye aiki ba shi da wata hira sai tata. A ranar ya gama sauya mata aksul ɗin baya, dogon ƙarfen nan mai tulu a tsakiya da ke riƙe tayoyi biyu. Nata ya daɗe da mutuwa. Wannan kuwa a filin matattun motoci ya samo shi, kwance cikin ciyawa. Ya wanke shi, ya ɗura masa sabon mai, ya ɗaure noti takwas, kowanne ya ja masa layin farin fenti, yadda ko kaɗan ya motsa zai gani.

Yana kulle gareji sai wani abu ya faɗo a kan kwanon gidan. Ya tsaya. Wani ya sake faɗowa, ya gangaro a hankali har gaban ƙafarsa. Tsohon noti ne mai tsatsa, da ya ɗauka kuma sai ya ji shi da ɗumi.

Da safe ya tarar layukan fentin nan duk sun goce.

Shi dama mutum ne da in ka gaishe shi sau biyu sai ya laluba aljihunsa. Ya fara da zargin mai walda na maƙwabta, ya daina amsa masa gaisuwa. Ya sauya kwaɗo. Ya barbaɗa toka a bakin ƙofa, bai ga sawun kowa ba. Kullum magariba jifa, kullum safiya fenti a goce. Daga nan ya koma kallon matarsa ta wutsiyar ido, domin ba ta taɓa ɓoye cewa ba ta son motar ba. Akwatin gawa mai taya take kiranta.

A rana ta biyar ya ce zai fita, ya zagaya ya laɓe a bayan tankin ruwa. Gari ya yi shiru, duhu ya soma sauka. Ya ga ta fito, ta waiga, ta buɗe gareji da makullin da ya ɓoye. Da ya leƙa, ƙafafunta kawai ya gani a ƙarƙashin mota, ya kuma ji kukan sifana a kan ƙarfe.

"Ashe ke ce," in ji shi. "So kike in hau titi taya ta fice, ki huta da ni."

Ta fito, baƙin mai a goshinta. Ta zauna a ƙasa ta jingina da tayar baya, idonta ya kafe. Ya kira ta, ba ta amsa ba. Can sai ta yi dariya, wata busasshiyar dariya wadda ba tata ba.

Babbar 'yarsu ce ta ɗauko wani Malam mai ruƙiyya washegari da yamma, domin uban cewa ya yi wasan kwaikwayo ne, an kama ta ta rasa ta cewa. Matar tana nan inda take, ba ci ba sha, mutum biyu sun kasa ɗaga ta. Malam ya zauna a kan bokitin fenti ya soma karatu da ƙaramar murya. Ya daɗe. Kwanon gidan ya ɗauki ƙara, sannan ya yi tsit.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

Muryar tsoho ce, mai kauri, tana fitowa daga bakin da ya shekara talatin da ɗaya yana kiran Bakanike cin abinci.

"Wane ne kai, me ka zo nema?" in ji Malam.

"Gidana. A cikin tulun ƙarfen nan nake tun kafin ciyawa ta rufe shi. Mutumin nan ya ɗauke ni, ya tsiyaya mini mai a ka. Ni ke kwance notin."

Bakanike ya taɓe baki. "Malam, kowa ma zai iya sauya murya."

Kan matar ya juyo gare shi a hankali. "Noti na uku a hagu, zarensa ya cinye. Ka sani. Ka ji lokacin da ya zarce a hannunka, ka shafa masa fenti ka yi shiru."

Bakanike ya kau da kai. Wannan ko tsummansa bai faɗa wa ba.

"Ita fa, me ta yi maka?" Malam ya tambaya.

"Ta hana ni aiki. Ina kwancewa, tana zuwa da sifana tana ɗaurewa. Kullum. Tana yi tana kuka, wai kada tsohon nan ya mutu a titi. Ban sami ƙofar shiga jikinta ba sai jiya, da zuciyarta ta karye. Ku ba ni motar duka, in fita."

"Ba ka da mota. Ƙarfenka za a mayar inda aka ɗauko shi."

"A tsiyaye man. Shi da hannunsa. Kafin rana ta sake faɗuwa."

Malam ya dubi Bakanike. Shi kuma ya gyaɗa kai.

"To fita, kada ka sake waiwayar gidan nan."

Matar ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin 'yarta. Wani abu ya yi ƙara sau ɗaya a cikin tulun ƙarfen, shi ke nan.

Da ta farfaɗo ta nemi ruwa. Ta sha, ta dubi baƙin man da ke hannunta, ta dubi mijinta da ya durƙusa a gabanta. Abin tausayi ya zama a lokacin, ko da yake shi ya ja wa kansa.

"Maman yara, ki yafe mini. Yanzu na san gaskiya. Ya faɗi komai."

"Wa ya faɗa?"

"Aljanin."

Malam ya sunkuyar da kai.

"Shekara talatin da ɗaya ina gidanka," ta ce, "amma sai da aljani ya yi mini shaida ka yarda da ni."

Ya miƙa hannu zai tashe ta. Ta dafa kafaɗar 'yarta ta miƙe.