Mai Tsaron Gidan Mangawa

Ranar da samarin Mangawan Birniwa suka zo Haɗeja buga ƙwallo, Sakinatu tana can bayan raga cikin 'yan mata. Jama'a sai dariya ake yi wa baƙin, don rabinsu ko takalmi babu. Dogon mai tsaron gidansu ya yi tsalle ya cafke wata ƙwallo, ya mirgino har gabanta.

"Kai, ka kula da haƙarƙarinka!" ta ce, kafin ta ankara da bakinta.

Ya ɗago yana murmushi. "Sunana Kyari. Duk garin nan ke kaɗai kika tausaya mini."

Daga ranar, Inna Yelwa, ƙanwar mahaifiyarta mai kai busasshen kifi kasuwar Birniwa, ta zama 'yar aikensu. Takan dawo ta ja Sakinatu gefe.

"Ya ce in gaya wa Farin Watansa: jiya an ci shi ƙwallo biyu, kuma laifinki ne, don hankalinsa yana Haɗeja."

"Ki ce wa Dogona ya tsare gida da kyau, ni ina nan."

Amma Malam Gwadabe, mahaifinta, ya ƙi jin zancen.

"Ƙato da gajeren wando yana bin fata a rana? An ce ma wata ƙungiya a Kano tana nemansa, za ta riƙa biyansa albashi. Wanda zai bar danginsa ya bi bariki, ke ma wata rana zai bar ki."

Sakinatu ta sunkuyar da kai. Abin da take tsoro ke nan. Ta san ba a kiran sunan Mangawa a taron gari sai dalilin ƙungiyar ƙwallonsu, kuma in babu Kyari ta watse.

Ana saura kwanaki Mangawa su zo Haɗeja wasan ƙarshe na cin kofi, Shu'ibu, malamin En'e, wato hukumar gargajiya, da ya daɗe yana neman aurenta, ya zo zance.

"Da idona na ga Kyari a jirgin ƙasan Kano, a tashar Malam Madori. Ko sallama ya yi miki?"

Bai yi ba. Ga damina ta yi ƙarfi, kogi ya malale fadama, Inna Yelwa ta kasa fita kasuwa. Sakinatu ta daina cin abincin kirki. Duk motsin da ta ji a zaure sai ta leƙa.

Ranar wasa fili ya cika, Mangawa shiru. Alƙalin wasa ya ce in ba su zo ba za a soke sunansu. Sakinatu tana bayan raga, sai ga ihu daga bakin hanya. Samarin ne, taɓo har cinya, motarsu ta kafe sun ƙaraso a ƙafa. Kyari ne a gaba.

An ci su ɗaya ba ko ɗaya. Kyari bai ko goge fuska ba ya nufo bayan raga.

"Farin Wata, me ya ramar da ke haka?"

"An ce ka tafi Kano," ta ce, hawaye na zuba.

"Na je. Ɗan'auta, ɗan wasanmu, ya karye a cinya, na kai shi asibiti. Mutanen ƙungiyar can sun biyo ni har bakin gadonsa. Na ce musu ina da gidan da nake tsaro, ina kuma da wadda take jirana."

Ashe Malam Gwadabe yana kusa, ya zo ne don ya tabbatar wa kansa yaron ya gudu. Kyari ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya daɗe yana kallon taɓon ƙafarsa.

"Bayan ƙwallon nan, kana noma?"

"Ina yi, Baba. Gero da gyaɗa."

"To, ka turo manyanka."

Da kaka aka ɗaura aure. Mangawa suka cika ƙofar gida da algaita, Ɗan'auta yana ɗingisawa da sanda a cikinsu. Da za a tafi da amarya, Malam Gwadabe ya dafa kanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kyari, ga amana nan."

"Na karɓa, Baba," ya ce. A cikin mayafi, Sakinatu ta sauke ajiyar zuciya, ta ce amin.