Firijin Motar Hajrudin

Hajrudin ba ya nan. Ya rasu da kaka, ya bar matarsa Zumreta da 'yarsu Almedina, da wata mota mai gado da firiji a ciki wadda yake kai su bakin teku da ita duk bazara.

Al'adarsa ce in sanyi ya kawo kai ya kashe firijin, ya wanke, ya cusa tawul a bakin ƙofarsa don iska ta riƙa shiga. Bana Zumreta ta hana. Akwai guntun cuku a ciki da sawun wuƙarsa a jiki. Sai ta jawo wayar lantarki daga kicin ta bar firijin yana aiki.

"Mama, waje fa ya fi cikinsa sanyi," in ji Almedina. "Ƙanƙara kike sanyaya wa?"

"Ba ruwanki, sarkin iya magana."

Wata ranar Laraba da almuru, Almedina ta gaji. Ta zare wayar, ta wanke firijin da tafasasshen ruwa, ta mai da cukun ciki, ta watsar da sauran ruwan a ƙarƙashin motar, babu bisimilla.

Ba a idar da sallar magariba ba aka fara jifa. Dunƙulen ƙanƙara ne ke sauka a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, tsakar gida kuwa ko sawun kaza babu. Sai jifan ya tsaya. Can Zumreta ta ji gurnanin firijin daga waje, alhali ga wayar a naɗe a kan tebur.

Kwana uku Almedina ba ta ci ba. Ta takure a jikin murhu, haƙora na haɗuwa, tana kallon uwarta kallon baƙuwa.

A rana ta huɗu Zumreta ta kira Malam Rasim, tsohon limamin ƙauyen. Ya zauna ya yi ta karatu har hasken taga ya dushe. Sai wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Tsoho, ka ishe ni. Bayan firijin akwai ɗumi, nan na ajiye 'ya'yana. Ta kashe mana wuta, ta ƙona mini ƙaramin."

"Ba ta gan ku ba. Me kake so?"

"A kunna har ƙanƙara ta narke." Idanun yarinyar suka juya kan Zumreta. "Ke ma haka kike so. Kullum da yamma ina jin ki kina buɗe firijin kina kiran sunan mijinki."

Malam ya ce, "Zumreta, in kin kunna, aljanin nan ya zauna ke nan, kuma ya san hanyar 'yarki."

Zumreta ta dubi Almedina. Sannan ta ce wa muryar, "Ka yafe mata. Akwai tsohon gidan burodi a bakin rafi, bangonsa ba ya hucewa."

"Cukun fa?"

"Tafi da shi."

Da hannunta ta fito da cukun, ta yi bisimilla, ta ajiye a bakin hanya. Ta ɗauko tawul ɗin Hajrudin ta cusa a ƙofar firijin. Gurnanin ya tsaya. A ɗaki Almedina ta yi atishawa sau uku, ta ce, "Mama, yunwa."

Da safe babu cukun. Zumreta ta tsaya a wurin ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Ku taya su roƙo: Allah ya jiƙan Hajrudin, ya sanyaya makwancinsa, ya tsare 'yarsa daga abin da ido ba ya gani. Amin.