Duro Mai Ruwan Ɗorawa

Magariba ta gabato, uwar gida tana kwashe shanya, dutsen farko ya faɗo. Bai taɓa kowa ba. Duron ruwa ya samu, ƙarar ta daɗe ba ta mutu ba.

Maigidan ne ya kawo duron. Direba ne a ma'ajiyar da ake tara sharar ɗakin gashin ciwon daji na asibiti: safar hannu, auduga, kwalabe. Ana rufe su a duro mai ruwan ɗorawa, a ajiye shekaru, har gubar da ido ba ya gani ta mutu. Ya ga wani an ware shi gefe, babu komai ciki. Ya ce asara ce. Ya kankare tambarin gargaɗin da ke jikinsa, ya ɗauraye, ya kafa shi a gindin katanga.

Tun daga ranar, kullum rana ta yi ja sai jifa, kuma duron kaɗai ake jifa. Daga baya aka fara jin nishin yara ƙarƙashin katangar.

Wata yamma 'yarsu ta je ɗebo ruwa. Ta sandare da moɗa a hannu, ido ya juye.

"Baban yara, wannan ba 'yata ba ce," in ji uwar.

Aka ɗauko malam. Ya zauna ya yi ta karatu har yarinyar ta buɗe baki. Muryar tsoho ce ta fito.

"Malam, rage. Ba faɗa ya kawo ni ba."

"Me kake nema a jikin yarinya?"

"Baki nake nema. Na yi jifa, ba su ji ba. Tun kafin a yi ginin nan nake gindin katangar. Wannan mutumin ya ɗora mana wuta a ka. 'Ya'yana duk sun kwanta."

"Ku da aka halitta da wuta?"

"Wannan ba mu san ta ba. Ba ta da haske, ba ta mutuwa."



"Fita, za a ɗauke," in ji malam.

"Ya rantse. Kuma ya mayar inda ya ɗauko, kada ya yar a juji ya kashe wasu."

Maigidan ya rantse. Za a kore shi daga aiki, ya sani.

Yarinyar ta yi atishawa, ta zube jikin uwarta. Can ta buɗe ido.

"Inna, ruwa."

Duron yana nan cike. Ruwansa suke sha, da shi suke girki tun da aka kawo shi. Babu wanda ya motsa.