Batirin Keken Sallau

Ku matso kusa. Ku rage murya, Gwaggo ta yi barci. Wannan ba tatsuniya ba ce.

Sallau keke mai ƙafa uku, mai caji, yake tuƙawa, irin wanda ba ya shan mai. A bakin kwari, bayan tasha, akwai rumfar caji. In sha biyun dare ta wuce, kuɗin wuta rabi ne. Shi ya sa kullum yake barin batir ya kusa ƙarewa, ya jira dare. Masu gyara sun sha gaya masa, "Kana kashe batirin nan." Sai ya yi dariya.

Wata Laraba bayan isha'i, numfashin babansa ya sarƙe. Suka sa tsohon a bayan keken, kansa a cinyar Iya, mahaifiyar Sallau, suka nufi asibiti. A kan gada caji ya ƙare. Kafin a sami mota, rai ya yi halinsa.

Da masu gaisuwa suka tambaya, Sallau ya ce, "Batir ne ya lalace." Haka ya faɗa wa liman. Haka ya faɗa wa Iya.

Bayan sadakar arba'in ya koma aiki. Ƙarfe ɗaya na dare ya je rumfar shi kaɗai, ya jona waya. Ba maigadi. Ba haushin kare. Kwaɗin kwari ma sun yi tsit.

Sai keken ya lotsa ta baya, kamar an ɗora buhun masara.

Wani dattijo ne da bai taɓa gani ba, zaune cikin farar riga. Sallau ya yi sallama. Aka amsa. Amma bakin bai motsa ba. Daga ƙarƙashin kujera muryar ta fito, inda batir yake.

"Samari, ya lafiyar batir?"

"Ya... ya lalace, Baba."

"Ya lalace?"

Sallau ya sunkuyar da kai. Nan ya ga ƙafafun. Dugadugai a gaba, yatsu a baya.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji muryar. "Yunwa ka bar shi da ita. Don ba shi da baki kake masa ƙazafi?"

Sallau ya so ya yi addu'a, harshe ya ƙi. Ba tsoro ne ya riƙe shi ba. Kunya ce.

Dattijon ya dafa kujera da tafin hannu. Allon keken ya nuna caji ɗari bisa ɗari. Da Sallau ya ɗago, ba kowa.

Tun daga daren batir bai sake sauka ba. Ya yini yana jigila, ɗari. Ya kwana bai jona ba, ɗari. Abokan aiki suka dame shi: "Kai Sallau, wane malami ya yi maka aiki? Kai mu mana!" Shi kuwa tsumma ya sa ya rufe allon. Ko ta cikin tsumman yana ganin haskensa.

Sati biyu ya daure. Wata asuba ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya.

"Iya, ba batir ba ne. Ni ne. Arhar wuta na tsaya jira, ban yi caji ba."

Ta daɗe tana jan carbi, ba ta dube shi ba.

"Kwanansa ne ya ƙare," ta ce. "Amma da ka faɗa mini tun ranar, da tare muka yi kukan."

Bai sake hawa keken ba. Yana nan a zaure, an lulluɓe shi da tabarma.

Ku kuma, ko ranar da kuka girma, kada wanda ya je rumfar nan shi kaɗai. Balle in akwai maganar da kuka ɓoye wa uwarku.