Matakan Baya na Babur ɗin Baba

Wata bakwai Gwani ya yi yana tayar da babur ɗin mahaifinsa, wanda ya shekara goma sha tara a ɗakin shirgi tun rasuwar tsohon. Shi ya raɗa wa kansa Gwani, kuma a fannin inji bai yi ƙarya ba. A tsokana ma haka. Duk layin makanikai babu wanda bai taɓa jefa wa ƙadangare a aljihu ba.

Ya wanke kabureta, ya sake filogi da sarƙa, ya yi wa tanki baƙin fenti har mutum na ganin haƙoransa a ciki. Ya haddace halin babur ɗin tsaf, har yana cika baki cewa in ya rufe famfon mai da ke ƙasan tanki, turken wutar lantarki goma sha biyu zai wuce kafin inji ya mutu, ba ƙari ba ragi.

Abu ɗaya ya ɓata masa rai. Matakan baya, inda fasinja ke ɗora ƙafa, an naɗe su sama an liƙe da wata mummunar walda mai kama da kashin kaza. Ya kai wa ɗan kawunsa mai walda ya yanke, shi kuwa ya ce wanda ya liƙe yana da dalilinsa. Inna, mahaifiyar Gwani, da ta ji zancen sai ta ajiye tsintsiya ta ce ya bar su yadda ya same su. Gwani ya dube ta, ya tuna ƙadangaren da ya sa wa ɗan kawun nasa a makon jiya, ya yi murmushi. Wato haɗa baki suka yi su tsorata shi. Ya ɗauki zarto ya yanke waldar da kansa.

Ana dab da magariba Inna ta aike shi sayen maganin hawan jini a kyamis ɗin da ke hayin tsohuwar gada. Taka kik ɗaya, babur ya amsa da wata murya mai kauri, irin wadda yake ji yana yaro daga bayan ƙofa. Iska ta cika masa riga. Ya yi wa masu facin taya hon, ya saki hannu ɗaya, yana dariya shi kaɗai. Wallahi ko sarauta aka ba shi a lokacin ba zai sauka ba.

A dawowa ne, tsakiyar gada, kujerar baya ta lotsa.

Ya ce a ransa, shegen nan ya sassauta mini wani abu. Sai ya ji ƙas a dama. Ƙas a hagu. Ya leƙa ƙasa. Matakan da ya naɗe da hannunsa a ƙofar kyamis sun sauko duka biyu.

Warin laka ya taso, da na zanen da ya kwana a ruwa. Madubi bai nuna kowa ba, sai kujerar da ta lotse. Har yanzu yana neman dabarar da mai walda ya yi amfani da ita lokacin da wani sanyi ya zagaye masa ƙugu, kamar hannuwa biyu.

"Ka girma," aka raɗa masa a kunne. "Mahaifinka bai taɓa ƙarasawa da ni gida ba. Kai ni wurin Innarka."

Ya taka birki. Babu.

Ya murɗa makulli. Injin bai ko yi tari ba.

Kan babur ya karya kwanar layinsu da kansa. Can ƙarshe, ga ƙofarsu a buɗe, ga Inna a tsaye tana jiran magani.

Ya zura hannu ƙasan tanki, ya rufe famfon mai. Turke goma sha huɗu ne daga kwana zuwa gida. Ya riga ya wuce ɗaya.

Uku. Shida. Sanyin ya matse shi.

Tara. Inna ta ɗaga masa hannu.

Goma sha biyu. Inji ya yi tari, ya mutu. Tayoyin suka gangara, suka tsaya. Saura turke ɗaya.

"Inna, koma ciki," ya ce. "Rufe ƙofa."

Ta dubi bayansa, ba shi ba. Ta rufe.

Kujerar ta ɗago a hankali. Ruwa na ɗiga daga matakan.

"Haka shi ma yake yi," aka ce. Warin ya bi hanyar gada.

Washegari tun kafin a buɗe shaguna Gwani na tsugune a ƙofar ɗan kawunsa. Bai yi ba'a ba, shi ma ba a yi masa ba. Mai walda ya kunna inji, Gwani ya karɓi abin waldar da kansa, ya liƙe matakan. Da suka cire tabarau suka duba, waldar ta fito sak irin ta tsohon, kamar kashin kaza.

Yana hawan babur ɗin har yau, yana cika baki, yana hon. Amma maganin Inna, a kyamis ɗin wannan hayin yake saye.